Ganin Mutum Ɗaya da Matsayinsa a Shari'a: Sharhi a Kan Littafin Hallucinations na Oliver Sacks

Gabatarwa

A shekarar 2012 likitan ƙwaƙwalwa Oliver Sacks, haifaffen Landan wanda ya yi mafi yawan aikinsa a Amurka, ya fitar da littafi mai suna Hallucinations, shekara uku kafin mutuwarsa. Kalmar tana nufin abin da Larabawan wannan zamani ke kira halwasa, Bahaushe kuma ya ce gane-gane da jiye-jiye: mutum yana farke, idonsa biyu, ya ga wani ya shigo ɗaki, ko ya ji an kira sunansa, ko ya shaƙi wani ƙanshi, alhali waɗanda ke zaune tare da shi ba su ga komai ba, ba su ji komai ba. Wannan daban yake da kawalwalniya, wadda Alƙur'ani ya buga misali da ita a Suratun Nur, domin ita akwai zafi da haske da suka jawo ta, kuma duk wanda ya tsaya a wurin zai hango ta. Gane-gane kuwa na mai shi ne shi kaɗai.

Ba domin ɗaliban addini aka rubuta littafin ba, kuma marubucinsa bai ɓoye cewa shi ba mai addini ba ne. Amma akwai dalilin da ya sa ya cancanci sharhi a mujallar nazarin addini. A gari irin Wudil, inda Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da makarantar horar da manyan 'yan sanda suke maƙwabtaka da tsangayu da kasuwar shanu da unguwannin masunta na bakin kogi, wanda ya fara gane-gane galibi zauren malam ake fara kai shi kafin a yi maganar asibiti. Abin da malamin ya faɗa a zaman farko shi ke yanke ko za a nemi likita ko ba za a nema ba, wani lokaci ma shi ke yanke ko za a ɗora wa wata baiwar Allah tuhumar maita. Saboda haka tambayar da wannan sharhi ya sa a gaba ita ce: mece ce ƙimar abin da mutum ɗaya ya gani shi kaɗai, kuma me littafin Sacks ya ƙara ko ya kasa ƙarawa a kan amsar da malaman Musulunci suka riga suka bayar?

Abin da littafin ya tabbatar

Babin farko shi ne mafi amfani ga mai karatu na wannan yanki. Sacks ya buɗe shi da labarin wata tsohuwa makauniya da ta haura shekara 90, wadda ta fara ganin jerin mutane cikin tufafi masu launi suna kai-kawo a gabanta, ba sa magana da ita, ba sa kula ta. Ma'aikatan gidan tsofaffin da take sun zaci hankalinta ne ya taɓu. Da ya duba ta sai ya iske hankalinta garau yake. Abin da ke damunta wani yanayi ne da aka sa wa sunan Charles Bonnet, masanin halittu na ƙasar Suwizalan, wanda a 1760 ya bayyana yadda kakansa, bayan idonsa ya raunana saboda yana, yake ganin mutane da tsuntsaye da karusai da gine-gine, kuma yana sane da cewa babu su. Bayanin likitoci shi ne, idan ido ya daina aika saƙo zuwa sashen gani na ƙwaƙwalwa, sashen ba ya zama shiru, sai ya shiga fito da surori daga abin da ya tara. A 1998 Dominic ffytche da abokan aikinsa a Landan suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar irin waɗannan mutane a daidai lokacin da abin yake faruwa, suka ga cewa sashen da ya motsa ya dace da abin da mutum ya ce yana gani, mai ganin launi sashen launi, mai ganin fuska sashen gane fuskoki. Wani bincike da aka yi a Holan a shekarun 1990 ya nuna cewa sama da kashi 10 cikin 100 na masu raunin gani da aka tambaya suna fama da wannan, kuma mafi yawansu ba su taɓa gaya wa likita ba don tsoron a ce sun haukace.

Idan aka ajiye wannan kusa da binciken makanta na ƙasa da aka gudanar a Nijeriya tsakanin 2005 da 2007, wanda ya gano cewa kashi 4.2 cikin 100 na waɗanda suka kai shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma yanar ido ce ta jawo kusan kashi 43 na makantar, za a gane cewa maganar ba ta Turai ba ce kaɗai. A kowace unguwa akwai tsohuwar da yana ta rufe wa ido. In ta ce tana ganin ƙananan yara suna shigowa ɗakinta da magariba, fassara biyu ce ke jiranta a gida, ko a ce ta fara rikicewar tsufa, ko a ce tana da mutanen ɓoye. Fassara ta uku, wato ido ne ya mutu ƙwaƙwalwa ta ci gaba da aiki, da wuya a samu mai kawo ta, ga shi kuwa aikin cire yana abu ne da asibitocin ido na Kano suke yi kullum.

Haka abin yake game da dannau, wanda Larabawa ke kira jasum ko kabus. A matakin barci da ake mafarki a cikinsa, ƙwaƙwalwa tana ɗaure gaɓoɓi don kada mutum ya aikata abin da yake mafarki. Wani lokaci sai mutum ya farka kafin a kwance ɗaurin, ya ga ɗakinsa sosai amma ya kasa motsi, numfashi ya yi masa nauyi, sauran mafarkin kuma ya zubo cikin ɗakin a siffar wata inuwa da ke tsaye a bakin ƙofa ko zaune a kan ƙirji. Rashin isasshen barci da kwanciyar rigingine suna ƙara shi, shi ya sa ɗaliban jami'a a makon jarrabawa suka san shi sarai. Sacks ya kuma kawo binciken likita Dewi Rees na 1971 a yankin Wels na Birtaniya, inda aka tambayi maza da mata 293 da abokan aurensu suka rasu, kusan rabinsu suka ce sun taɓa jin mamacin yana tare da su, ko sun gan shi, ko sun ji muryarsa, kuma da yawansu sun ɗauki hakan a matsayin sanyaya zuciya. Malamin da mai takaba za ta tambaya a cikin wata huɗu da kwana gomanta yana da bukatar sanin wannan, don kada ya firgita ta da cewa aljani ne ke yi mata shigar mijinta.

Akwai babi guda da Sacks ya ba da labarin kansa, yadda a shekarun 1960 ya riƙa gwada ƙwayoyi a jikinsa. Wata rana ya haɗiye Artane da yawa, sai ya ji abokansa biyu sun shigo, ya yi hira da su daga madafa, ya soya musu ƙwai, da ya fito da faranti ya iske falo babu kowa. Babin yana da ɗan alfahari da bai dace da likita ba, amma yana da fa'ida ta musamman a nan: sinadarin da ke cikin Artane shi ne ke cikin ƙwayar Exol da hukumar yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi ke yawan kamawa a jihohin Arewa, kuma aikinsa a ƙwaƙwalwa dangin aikin zaƙami ne, tsiron da ke fitowa a bola da bayan gari. Alamominsu a bayyane suke ga wanda ya sani: ƙwayar ido ta buɗe, baki ya bushe, jiki ya yi zafi, mutum ya riƙa tsintar abin da babu a kan tabarma yana hira da waɗanda ba sa nan, in ya warware kuma ya kasa tuna komai. Al-Ƙarafi (ya rasu 684H) ya riga ya rarrabe a cikin al-Furuƙ tsakanin abin da ke sa maye da abin da ke sa barci da abin da ke ɓata hankali ba tare da nishaɗi ba, kuma zaƙami a kashi na uku ya fi dacewa. Saurayin da aka ɗauko a wannan hali aka shimfiɗe don karatun ruƙiyya, abin da ya fi bukata da gaggawa shi ne a tambayi abokansa me ya sha.

Abin da magabata suka riga shi

Raunin farko na littafin a ɓangaren tarihi yake. Sacks ya ɗauko zaren daga Bonnet da likitan Faransa Esquirol, wanda ya bai wa kalmar ma'anarta ta yanzu a shekarun 1830, kamar dai kafin su babu wanda ya yi tunanin cewa sura tana iya tasowa daga cikin kai. Alhali Ibn Sina (ya rasu 428H) ya yi bayanin wata gaɓa ta ciki da ya kira al-hissul mushtarak, matattarar saƙonnin ji da gani, wadda ya sanya ta a gaban ƙwaƙwalwa. Ya buga misali da ɗigon ruwan sama da ake gani kamar miƙaƙƙen layi, ya ce ido bai ga layi ba, matattarar ce ta haɗa shi. Sannan ya ce kamar yadda ake buga sura a kan wannan allo daga waje, haka ƙarfin raya surori yake iya buga ta daga ciki, a lokacin barci ko ciwo ko tsananin tsoro, kuma mai abin ba zai iya bambance ta da ta waje ba domin allon ɗaya ne. Wurin da ya nuna a ƙwaƙwalwa kuskure ne bisa ilimin yau, amma asalin ra'ayin shi ne wanda na'urar ffytche ta nuna bayan kusan shekara dubu. Ibnul Haisam, wanda suka yi zamani ɗaya, ya ware maƙala ta uku ta Kitabul Manazir ga kurakuran gani kaɗai.

Abin da ya fi jan hankali shi ne matsayin Ibn Sina a cikin al-Ƙanun inda yake magana a kan ciwon malikhuliya. Ya ambaci cewa wasu likitoci suna ganin aljanu ne ke jawo shi, sai ya ce wannan bai dami likita ba a matsayinsa na likita, domin ko da daga aljani ne, ta hanyar canza yanayin jiki yake aukuwa, kuma wannan canjin shi ne abin da ake yi wa magani. Bai ƙaryata gaibu ba, kuma bai bari maganar gaibu ta hana magani ba. Ibnul Ƙayyim (ya rasu 751H), wanda ba za a tuhume shi da bin falsafa ba, ya kasa farfaɗiya kashi biyu a Zadul Ma'ad, ta miyagun ruhohi da ta gurɓacewar sinadaran jiki, ya ce ta biyun ita ce fagen likitoci. Tushen duk wannan yana cikin hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, wanda ya kasa mafarki uku: bushara daga Allah, da tsoratarwa daga Shaiɗan, da zancen da rai ke yi wa kansa. Kashi na ukun nan nassi ne ya tabbatar da shi. Abin mamaki shi ne yadda ya kusan ɓacewa daga wa'azi da majalisun ruƙiyya, inda kusan kowane abu ake raba shi tsakanin karama da aljani. Ana iya cewa littafin Sacks gaba ɗayansa dogon sharhi ne a kan wannan kashi na uku, tare da ƙarin cewa ran yana yi wa kansa zance a farke ma, ba sai a barci ba.

Inda ya wuce gona da iri

Tun a gabatarwa Sacks ya jefa tambayar ko gane-gane ne asalin tatsuniyoyin aljanu da fatalwa, har ma da wani ɓangare na addini. A babin farfaɗiya ya kawo marubucin Rasha Dostoevsky, wanda ke jin wani irin yanayi na ni'ima daf da faɗuwarsa, ya kuma kawo ra'ayin masu cewa muryoyin da Joan of Arc ta ce tana ji farfaɗiyar gefen ƙwaƙwalwa ce. Wannan yarinya an ƙone ta a 1431. Likitan da ba zai yarda ya rubuta wa mai rai magani ba sai ya duba shi, bai kamata ya saki jiki da ganewar ciwon wadda ta mutu kusan shekara 600 da suka wuce ba, daga takardun shari'ar da maƙiyanta suka yi mata.

Kuskuren ya fi haka zurfi. Gaskiya ne cewa likitocin tiyata sun taɓa wasu sassa na ƙwaƙwalwa da lantarki, marar lafiya ya ji kiɗa ko ya ji kamar wani na tsaye a bayansa. Amma idan aka taɓa wani sashe mutum ya ji ƙanshin turaren wuta, wannan bai nuna cewa babu turaren wuta a duniya ba. Kowane gani, na gaskiya da na ƙarya, ta ƙwaƙwalwa yake bi. Hoton da ya nuna sashen fuskoki yana aiki ya nuna hanyar da abin ya bi ne, bai nuna daga inda ya taso ba. Iyakar abin da hujjojin littafin ke iya ɗauka shi ne cewa ƙarfin gani da tsabtarsa da gaskiyar mai ba da labari ba sa tabbatar da cewa abin yana nan a waje. Wannan sakamako ne babba, kuma ya isa. Tsallakawa daga nan zuwa hukunci a kan samuwar mala'iku ko aljanu aƙida ce ta marubucin, ba binciken asibiti ba.

Masu karatun wannan mujalla sun san cewa irin wannan tsallake an daɗe ana yin sa a kan wahayi. Alƙur'ani da kansa ya hakaito tuhumar hauka da Ƙuraishawa suka yi, ya kuma rushe ta a Suratul Ƙalam da Suratut Takwir. Marubucin tarihin Rumawa Theophanes ya kawo zancen farfaɗiya a ƙarni na 9 na Miladiyya, wasu mustashriƙai suka gaje shi, har sai da irin su Montgomery Watt daga cikinsu suka yi watsi da shi saboda bai dace da abin da tarihi ya tabbatar ba. Abin lura a hadisin farkon wahayi da Bukhari ya kawo a farkon Sahihinsa shi ne, lokacin da Manzon Allah (SAW) ya dawo daga Hira a firgice, Nana Khadija (RA) ba ta kafa hujja da ƙarfin abin da ya gani ba. Ta kafa hujja da halayensa da kowa ya sani, sada zumunci da ɗaukar nauyin raunana da karrama baƙo, sannan ta kai shi wurin Waraƙa mai ilimin littattafan farko. Annabci bai tsaya a kan labarin abin da mutum ɗaya ya gani a kogo ba. Ya tsaya a kan Littafin da aka ƙalubalanci mutane da aljanu su kawo irinsa, da shari'a mai tsari da ta sauka cikin shekara 23 a gaban dubban shaidu.

Akwai wasu raunana biyu ƙanana. Sacks ya dogara da gwajin David Rosenhan na 1973, inda aka ce mutum takwas masu lafiya sun je asibitocin taɓin hankali sun ce suna jin murya, aka kwantar da su duka. A 2019 'yar jarida Susannah Cahalan ta fitar da littafin da ya jefa shakku mai ƙarfi a kan sahihancin wannan gwaji, don haka bai kamata ɗalibi ya ci gaba da kafa hujja da shi ba. Na biyu, littafin da ke da'awar taɓa tarihin al'adu kusan duk marasa lafiyarsa Turawa ne da Amurkawa. Binciken da Tanya Luhrmann ta wallafa a 2015 a kan mutum 60 masu jin muryoyi, 20 a Kalifoniya, 20 a Akara ta Gana, 20 a Cenai ta Indiya, ya nuna cewa Amurkawan sun fi jin muryoyi masu zagi da umurnin ta'asa, mutanen Akara da yawa sun ce muryar Ubangiji suke ji, na Cenai kuma muryoyin dangi. Baland Jalal da Devon Hinton kuma sun kwatanta dannau a Masar da Danmak, suka ga cewa Misirawa, waɗanda da yawansu ke danganta shi ga aljani, sun fi yawan fuskantarsa kuma sun fi jin tsoron mutuwa a cikinsa. Wato fassarar da aka ba mutum tana komawa ta ƙara wa ciwon ƙarfi ko ta rage masa. Wannan nauyi ne a wuyan duk mai ba da fassara.

Ma'aunin malamai

Fiƙihu bai jira na'urar ɗaukar hoto ba kafin ya yanke matsayin ganin mutum ɗaya. Baihaƙi ya ruwaito daga Imam Shafi'i (ya rasu 204H) cewa wanda ya yi da'awar yana ganin aljanu za a soke shaidarsa, sai fa in annabi ne, saboda aya ta 27 a Suratul A'araf, kuma Ibn Hajar ya fassara wannan da mai da'awar ganinsu a siffarsu ta asali. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta wannan ƙasa, Shaɗibi (ya rasu 790H) ya kawo fatawar Ibn Rushd kaka (ya rasu 520H) game da alƙalin da adilai biyu suka ba da shaida a gabansa, sai ya yi mafarki da Manzon Allah (SAW) yana hana shi hukunci da wannan shaida. Amsar ita ce bai halatta ya bar shaidar ba, domin ba a rushe hukuncin shari'a da mafarki. Idan mafarkin alƙali adili da Fiyayyen Halitta bai isa ya kawar da shaida ba, ina ga abin da yaro mai zazzaɓi ya gani.

Malaman tasawwufi na gaskiya a nan suka tsaya su ma. Ibn Taimiyya ya kawo labarin Shaikh Abdulƙadir Jilani (ya rasu 561H), wanda wani haske mai girma ya bayyana gare shi, wata murya ta ce ita ce Ubangijinsa kuma ta halatta masa abin da aka haramta wa wasu. Shaihin bai musa cewa ya gani ya ji ba. Ya auna abin da muryar ta faɗa da shari'a, ya gane ko wane ne, ya kore shi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rubuta a cikin Wurudinsa yadda, yana da shekara arba'in da 'yan watanni, wajen 1794, aka kai shi hallarar Manzon Allah (SAW) da waliyyai, Shaikh Abdulƙadir ya rataya masa Takobin Gaskiya. Amma da lokacin kafa hujjar hijira da jihadi ya zo, a cikin Bayan Wujubil Hijra na 1806, ayoyi da hadisai da maganganun fuƙaha'u ya jero. Abin da ya gani ya ƙarfafa zuciyarsa, bai mayar da shi dalilin da zai ɗora wa wani hukunci ba. Wannan rarrabewa tsakanin abin da ke amfanar mai shi da abin da ke lazimtar waninsa ita ce littafin Sacks ba shi da ita, domin a wurinsa gani ko dai na waje ne ko na ciwo.

Inda ma'aunin ke faɗuwa

A aikace, wuri biyu ne aka fi yin sakaci da wannan ƙa'ida. Na farko tuhumar maita. Yaro ya kamu da zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa, ko sanƙarau, ko taifod, jikinsa ya yi zafi ya shiga sambatu, ya ce ga wance nan tana zuwa da wuƙa. Sunan da ke fita daga bakinsa na wadda ya sani ne, sau da yawa tsohuwar da ya saba jin manya suna ƙus-ƙus a kanta. Sai a taru a ƙofarta a ce ta kama kurwarsa, dole ta zo ta tsallake shi, wani lokaci abin ya kai ga duka ko kora daga gari. Babin Sacks a kan ruɗewar zazzaɓi ya nuna cewa ganin mutane da dabbobi a wannan hali abu ne sananne ga kowane likita, kuma yana gushewa idan aka magance sababinsa. A garin da ke bakin kogi, inda sauro ba ya yankewa da damina, sa'o'in da aka ɓata ana neman mayya su ne sa'o'in da allurar maganin zazzaɓi za ta iya ceton yaron. Ta fuskar shari'a kuwa, an karɓi shaidar wanda alƙalami ya ɗauke daga kansa sau biyu, ga ƙuruciya ga gushewar hankali, a kan mutunci da jinin Musulma.

Na biyu shi ne abin da ake ji daga bakin marar lafiya a lokacin ruƙiyya. Tun bayan abin da ya faru a ƙarshen 1995 zuwa 1996, lokacin da ɗaruruwan 'yan mata a makarantun sakandare na Kano suka riƙa faɗuwa ana danganta abin ga aljanar da aka kira Sumbuka, lamarin da Susan O'Brien da Conerly Casey suka yi nazari a kansa, ruƙiyya ta zama sana'a mai zaman kanta, littattafan Wahid Abdussalam Bali suka yaɗu a hannun matasa. Ruƙiyya da Alƙur'ani da addu'o'in da suka inganta sunna ce da babu jayayya a kanta. Abin da ke bukatar tsawatarwa shi ne mayar da ita zaman bincike, a tambayi muryar wa ya turo ta, ta ce kishiya ce ko uwar miji, a tashi da wannan a matsayin tabbas. Ko da an sallama cewa aljani ne ke magana, hadisin Abu Huraira (RA) da ɓarawon abincin zakka ya siffanta shi da yawan ƙarya, Suratul Hujurat kuma ta yi umurni da bin diddigin labarin fasiƙi. In kuma ran marar lafiyar ne ke fito da tsoron da ya daɗe yana ɓoyewa, to babu mai shaida a wurin sam. Ta kowace fuska aka duba, ba a samu bayyinar da za a raba aure ko a yanke zumunci da ita ba.

Ba a bukatar malami ya zama likita kafin ya yi adalci a nan, kuma likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya ba su kai 300 ba, don haka zauren malam zai ci gaba da zama ƙofar farko ko an so ko an ƙi. Abubuwan da aka bankaɗo a gidajen mari na Kaduna da Katsina a 2019, da dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin dokar 1958, sun sa zamanin ɗaure marar lafiya da sarƙa da sunan magani ya zama abin tuhuma a gaban hukuma. Thomas Adeoye Lambo ya nuna tun 1954 a Aro ta Abekuta cewa likita da mai maganin gargajiya suna iya aiki a kan marar lafiya ɗaya ba tare da ɗayansu ya ƙaryata ɗaya ba. Abin da ya rage ga malami 'yan tambayoyi ne kafin ya buɗe Mus'hafi: ko jikin da zafi, ko idon yana gani sosai, kwana nawa rabonsa da barci, me ya sha, ko an yi masa rasuwa kwanan nan, ko yana faɗuwa yana kumfa. In amsar ɗaya daga ciki ta nuna asibiti, sai a yi addu'ar a kan hanya, babban asibitin Wudil yana cikin gari, na Dawanau da na koyarwa na Malam Aminu Kano kuma tafiyar da ba ta kai ta yini ba ce.